Kabtin Lado Ya Koma Sitiyari

Lado yana tsakiyar fili, usur a baki, yana zazzaga wa 'yan baya faɗa a kan sun riƙe sanduna kamar masu korar awaki, sai ya lura yaran sun daina kallonsa. Ya waiwaya. Ustaz Mazen ne, mai kula da wasanni a kwalejin, yake takowa a kan ciyawar roba cikin farar jallabiyarsa. A bayansa akwai wani saurayi sanye da sababbin takalman da ko ƙura ba su taɓa gani ba.

"Yalla ya shabab, ku matso," in ji Mazen. "Ga Kabtin Nayef. Daga yau shi ne kocinku."

Ba wanda ya tafa. Abdulghaffar mai tsaron raga ya cire hular kwanonsa ya zuba wa Lado ido, yana jiran ya ce wasa ake yi. Lado ya zare usur daga bakinsa, ya rasa inda zai sa shi, sai ya damƙe shi a tafin hannu har ya ji ƙarfen yana cizonsa.

Lakuros ake ce wa wasan: sanda mai 'yar raga a ka, da ƙwallon roba mai taurin dutse. Shekarar da mai kwalejin ya dawo daga Turai da akwatunan sandunan nan, duk malaman motsa jiki zamewa suka yi, kowa ya ce ba da shi ba. Lado kuwa direban motar ɗalibai ne a lokacin, haifaffen unguwar baƙi ta Karantina, wanda ya tashi yana buga ƙwallo ba takalmi a bayan gidajen kwano. Zaman jiran ɗalibai ne ya ishe shi, ya ɗauki sanda ɗaya ya fara jifan bango, yana duba yadda ake yi a waya. Yaro ɗaya ya biyo shi, wani ya biyo wancan. Da aka ga abin ya kankama, aka ce ya ajiye makullin mota ya riƙe yaran. Kowa ya koma kiransa Kabtin, amma a jikin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ba a taɓa goge kalmar direba ba.

* * *

A ofis, Mazen ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Jadawalin gasar bana ne: Ɗa'if, Yanbu, Madina, har Riyad.

"Ka gani, ya Abu Ihsan," ya kira shi da sunan 'yarsa, "abin ya girma. Za a nuna wasu wasannin a talabijin. Masu shirya gasar sun ce ba mai zama a bencin koci sai mai takardar shaida."

"Ustaz, sau nawa na roƙe ku ku tura ni kwas? Kuka ce sana'ar da ke iƙamata ba ta yarda ba. Na ce to ku canja ta, kuka ce badi."

"Wallah na sani."

"Wannan jadawalin da kake nuna mini, ni na bi kwalejoji ƙofa ƙofa ina roƙon su kafa ƙungiya don yarana su sami abokan karawa. Ni na yi ta rigima har aka ɗauke wasa daga tsakar rana aka mayar bayan la'asar, aka kauce wa makon jarrabawa. Lokacin ina Nayef, ɗan 'yar'uwar mai kwalejin, yake?"

Mazen ya ɗan gyara zama. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda za su yanka ka suna tambayarka lafiyar gida.

"Ba wanda zai kore ka. Tafiye-tafiye sun yi yawa bana, muna neman direban da ya san yaran. Wa ya fi ka?" Ya tura masa makulli a kan tebur. "Iƙamarka ta kusa ƙarewa, ko? Da ta madam, da ta yarinya. Kafili, mai ɗaukar nauyin zamanku, ya ce da zarar ka karɓa zai sabunta. Halas, shi ke nan, kada mu tsawaita."

Lado ya bar makullin a nan ya fita, ya buga ƙofar da ƙarfin da sai da masinjan ofis ya miƙe tsaye.

* * *

Tun da aka rushe Karantina suke zaune a ɗaki biyu a wani tsohon bene da ke unguwar Hindawiyya, shi da matarsa Najwa, da 'yarsu Ihsan, da mahaifiyarsa Inna Dela, wadda ta zo aikin Hajji tana budurwa ba ta sake komawa ba. Ya same su sun idar da sallar magariba, Inna tana ƙulla turaren wutan da take kaiwa kasuwar Bab Makka.

Ya faɗa musu a tsaye, yana kai da komowa.

"Wallahi ba zan ja motar nan ba! Gara su kai ni gidan tarhil, inda ake tsare baƙin da za a kora, su ɗora ni a jirgi. Ni bawan ubansu ne? Da wasan yake abin dariya nawa ne, yau da kyamara ta zo ya zama na ɗan gida!"

"Su ɗora ka a jirgi zuwa ina?" in ji Najwa. Ba ta ɗaga murya ba, amma idonta ya kaɗa. "Kanon da ba ka taɓa gani ba? Wa ka sani a can? Ihsan ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa da Hausa sai ta juya Larabci. Ranar da iƙama ta mutu, ranar za su hana ta shiga aji. Ni ma raina ya ɓaci, Abu Ihsan, har ji nake kamar in je in watsa musu ruwan zafi. Amma fushinka ba zai shigar da ita makaranta ba."

"Ke ma kina bayansu ke nan?"

"Ina bayan 'yata."

Ya juya wajen mahaifiyarsa, ko za ta tsaya masa. Tsohuwar ta ƙulle bakin leda da haƙori, ta tofar da guntun zaren.

"Ubanka ya zuba kankaren rabin benayen garin nan, bai taɓa kwana a ko ɗaya ba," ta ce. "Kai da suka ce maka Kabtin, ka zaci sun manta ko kai wane ne? Ba su manta ba, ɗana. Kai ne ka manta."

Washegari da safe ya koma ofis ya ɗauki makullin. Mazen har da tashi ya sumbaci goshinsa.

* * *

Ranar wasan farko suka kama hanyar Ɗa'if da hantsi. Yaran da suka saba cika mota da waƙa suka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Nayef yana zaune a kujerar gaba, kujerar Lado ta da. Abin da ya fi cin ran Lado shi ne yaron ba shi da rashin kunya. Ya ce masa "ammi", wato baffana, ya miƙo masa gahawa, ya yi masa sannu da hanya. Da ma ya zage shi ne, da ya sami inda zai sauke abin da ke cinsa.

A ƙofar filin wasa mai gadi ya bar yaran suka shige ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Lado sai ya tare da hannu.

"Direbobi can, wajen ajiye motoci."

"Kabtin ɗinmu ne!" in ji Abdulghaffar daga ciki.

Mai gadin ya dubi katin da ke rataye a wuyan Lado, ya girgiza kai. Nayef ya ja hannun Abdulghaffar suka wuce.

Lado ya koma mota ya zauna. Katanga ta tare masa komai, sai ƙarar usur da kaɗawar sanduna da ihun 'yan kallo. Ya ajiye waya a cinya. Ya tabbata kafin a tafi hutun rabin lokaci za ta yi ƙara, Nayef zai tambaye shi wa zai cire, wa zai sa. Har ya shirya amsar da zai ba shi, mai zafi. Aka tafi hutu, aka dawo, wayar ba ta yi ƙara ba.

Can sai ya ji bakinsa yana motsi. Ya saurari kansa, ya ji abin da yake roƙo: Allah ka sa a ci su, Allah ka sa a lallasa su. Yaran da ya koya wa ɗaura takalmi, waɗanda ya goya a baya ranar da suka gurɗe, su yake roƙon a kunyata a gaban jama'a. Ashe ba bencin koci kaɗai ba, har ƙaunar yaran ma sun ƙwace masa.

Ihu ya ɓarke a cikin filin, ya ji ana rera sunan kwalejinsu. Sun ci, kuma sun ci ba da shi ba. Ya ɗaga hannu ya naushi sitiyari da duk ƙarfinsa, hon ɗin motar ya tsage wurin da ƙara.

Mai gadin ya taho da sauri, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Kai direba, lafiyarka? Ba ka san wasa ake yi a ciki ba?"

Lado ya sauke gilashin.

"Ma'alesh, yi haƙuri," ya ce. "Hannuna ne ya kufce."

Ya ɗaga gilashin, ya tayar da injin, ya kunna na'urar sanyi don motar ta huce kafin yaran su fito.