Sabon Akwatin Wuta a Gidan Eilert

Hanya ce kawai ta raba gidana da na Eilert Vatne, can ƙarshen ƙauyenmu inda kwalta ta tsaya a bakin teku. Tun da matarsa Ragna ta rasu, rayuwarsa ta koma kicin da ɗakin kwana. Sauran ɗakunan ya rufe su, don kada ɗumi ya tafi a banza.

Akwatin wutar gidan tsoho ne, tun na zamanin mahaifinsa. In ya kunna hita kuma ya ɗora ruwan gahawa, sai fis ya ƙone, gida ya yi duhu. Abin bai dame shi ba. Ya san abin da zai kashe kafin ya kunna wani.

A lokacin kaka, 'yarsa Oddny ta kira daga Oslo. Ina zaune a kicin ɗinsa, shi kuwa mutum ne mai ƙure muryar waya, don haka na ji komai.

"Baba, mun sayi mota mai lantarki. In mun zo Kirsimeti, a ina za mu yi caji? Bara fa abin busar da gashi kawai na jona, muka ƙare da cin abinci a hasken kyandir."

Ya ce, "Ai kyandir ya rufa wa mijinki asiri. Ba wanda ya ga sanƙonsa."

"Da gaske nake, Baba."

A cikin satin ya kira Torunn, mai gyaran wuta ta garin da ke kusa da mu. Ta buɗe akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Dattijo, wannan gidan tarihi ya kamata a kai shi."

"Ki haɗa da ni, mu tafi tare."

Ta ce sabon akwati, da wayoyin da suka rube, da wurin cajin mota, za su ci krona dubu hamsin da biyu. Fanshonsa ba zai ɗauki wannan ba. Sai ya sa ƙaramin jirginsa na kamun kifi a kasuwa.

Na ce, "Eilert, kai da ba ka iya kwana biyu ba ka hau ruwa ba?"

"Gwiwa ta daɗe da hana ni, Gunvor. Jirgin ne dai ban gaya wa ba."

Da Torunn ta zo aiki, ya yi ta bin ta da gahawa da biredi, yana ba ta labarin kowane bango. Da ta gama, ta ce ya zagaya ɗakunan tana kunna makunnai, ya riƙa faɗa mata wanda ya kawo haske don ta rubuta suna. Ina kicin, ina jin muryarsa daga sama. "Ɗakin Oddny." Can kuma, "Ɗakin baƙi." Sai muka ji ya buɗe ƙofar ɗaki na gaba.

Torunn ta ɗaga murya. "Ya kawo?"

"Ya kawo. Rubuta ɗakin ɗinkin Ragna."

Ana saura kwanaki Kirsimeti Oddny ta sake kira. Surukarta ba ta da lafiya, can za su. Ya ce ba komai, Allah ya ba ta sauƙi.

Ranar jajiberi, da la'asar duhu ya riga ya rufe, kamar yadda yake yi a nan lokacin hunturu. Na leƙa ta taga, na ga gidansa tar da haske, sama da ƙasa, har da fitilar wurin cajin. Na ɗauki naman da na gasa na tsallaka. Na same shi a falo cikin rigarsa ta zuwa coci, hita uku na aiki, tanda a kunne ba komai a ciki.

Ya ce, "Gwadawa nake. Kin gani? Ko ƙyaftawa bai yi ba."

Muka ci naman. Bai ambaci kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai da Ista suka zo. Motar ta sha caji lafiya lau. Mijin Oddny ya tsaya gaban akwatin yana jinjina kai, ya ce aikin nan ya ɗaga darajar gidan sosai, yanzu mai saye ba shi da abin kushewa. Oddny ta riƙe hannun mahaifinta, ta ce ba ta iya barci saboda tunanin yana nan shi kaɗai, ga matakala, ga gwiwa. Ba ƙarya ta yi ba, idonta ya nuna.

Kafin rani ya wuce an sayar da gidan ga wasu mata da miji daga birnin Bergen, masu zuwa hutu kawai. Eilert ya koma ɗaki guda a gidan tsofaffi na cikin gari.

Nakan hau bas in je wurinsa ranar Laraba. Tagarsa filin ajiye motoci take kallo. Zuwana na ƙarshe ya tambaye ni ko mutanen Bergen sun yanke itacen tuffa na bayan gida. Na ce yana nan, har ya yi 'ya'ya, ba mai tsinka. Ya ce in zan dawo in ɗebo masa kaɗan, in zaɓi na ɓangaren rana.