Sunan Ya Kaka a Ƙasan Shafi

Da hantsi saƙon ƙanenta Nafi'u ya shigo wayar Sadiqa, tana tsaye a bakin aji da alli a hannu. Hoton shafi ne, an zagaye layi ɗaya na can ƙasa da jan zane. "Yaya, abin nan ya cika guruf ɗin 'yan garinmu. Har Alhaji Muhammadu Lawal ya gani."

Allin ya suɓuce mata. Ba sai ta buɗe hoton ba, ita ta rubuta layin da hannunta.

Sadiqa malamar firamare ce a Kazaure, amma rabin zuciyarta yana wurin wani kundin ilimi na intanet da take yi wa rubutu da Hausa. Ƙa'idojinsa ta haddace su kamar karatun allo: take gajere, sakin layin farko ya taƙaita batu, ba yabo ba zagi, kowace magana kuma a ɗora mata lamba, lambar ta kai mai karatu ƙasan shafi inda madogara take. Son tsarin nan take yi har cikin ranta, don a ganinta nan ne kaɗai gaskiya ke zama da mutuncinta.

Maƙalarta ta ƙarshe a kan tsohuwar rijiyar ƙauyensu ce, can gefen Roni. Gidan Maikasuwa na cewa kakansu ya haƙa ta, da wannan hujja kuma suke riƙe da fadamar da ke kewaye. Sai Ya Kaka, tsohuwa Babarbariya mai turaren wuta, wadda ke zaune a ɗakin da gidan Maikasuwa suka ba ta aro tun rasuwar mijinta, ta gaya mata wani labarin daban: surukinta Mele, mahaifin mijinta, shi da mutanensa ne suka haƙa rijiyar.

"Amma ki rubuta an ce, 'yar nan," in ji tsohuwar a ranar. "Haka muka taras ana ba da tarihi. An ce ba shi da ƙofar gida, balle a kai masa sammaci."

Haka ta rubuta. Sai mai duba maƙaloli, wani da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ya manna mata gargaɗi: ba a karɓar an ce. A kawo sunan mai bayani, da wuri, da ranar hira, ko a goge sashen. Sadiqa ta ji ba za ta iya kallon aikin Mele ya sake nutsewa ba. Ta ce a ranta, wa ke karanta ƙasan shafi a ƙauye? Ta jera komai yadda ƙa'ida ta ce, sunan Ya Kaka har da unguwa.

Yanzu ga ta a bayan acaɓa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya a kan waya. Ta goge layin, ta kira Nafi'u.

"Na cire! Ka ce musu na cire!"

"Yaya, kin cire daga ina? Hoton yana wayar kowa. Alhaji ma ya tafi wurin Ya Kaka tun ɗazu."

Duwatsun Roni da kullum take yi wa kallon masoyi, yau sai ta ga kamar sun sunkuyo suna jiran faɗuwarta. Gero ya yi kore shar a gefen hanya, ba ta ga kyansa ba. Ina tsohuwa mara ɗa mara jika za ta nufa da tsakiyar damina? Addu'ar da ta fara ta ƙi ƙarasuwa.

Ta tarar da mutane cirko-cirko a tsakar gidan da Ya Kaka ke zaune. Alhaji Muhammadu Lawal, babba a gidan Maikasuwa, ma'aikacin masarauta, yana kan kujera da waya a cinya. Ya Kaka na kan tabarma, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta tsuke. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, wannan ne ma ya fi tsorata Sadiqa.

"A'a, ga marubuciya da kanta. Lale, Malama. Kin zo a daidai." Ya juya ga tsohuwar. "Iya, mun zauna lafiya shekara da shekaru. Tambaya ɗaya ce. Ke kika faɗa, ko ba ke ba? In ba ke ba, ga Alƙur'ani an tafi ɗaukowa, ki dafa, magana ta mutu."

Ya Kaka ta buɗe baki za ta amsa. Sadiqa ta san ta sarai. Ba za ta dafa a kan ƙarya ba ko za a kwana da ita a bakin titi.

Sadiqa ta yi maza ta durƙusa a gaban Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ba ta faɗa ba. Ni na ƙaga. An matsa mini sai na kawo suna, nata ne ya zo mini."

Wata maƙwabciya ta tafa hannu. "Oh ni! Boko ke nan?"

Alhaji ya daɗe yana dubanta. Ko ya yarda ko bai yarda ba, fuskarsa ba ta nuna ba.

"To, tunda a wurinku magana ba ta tsayawa sai da suna, ki koma inda kika rubuta, ki faɗi haka, ki sa naki. Yanzu, ina kallo."

Sadiqa ta san hukuncin kundin. Wanda ya ƙagi madogara ana rufe masa ƙofa har abada, a bi duk abin da ya taɓa rubutawa da zargi. Hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar tana sharewa da gefen hijabi, ta rubuta, ta sa cikakken sunanta, ta miƙa masa. Ya karanta a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa.

"Iya, a yi haƙuri. Yaran zamani ne."

Mutane suka watse. Ya Kaka ta dafa bango ta tashi, ba ta dubi Sadiqa ba, ta shige ɗaki. Ta gefen labule Sadiqa ta hango ƙullin kaya a ɗaure tsaf a bakin gado, da tukwanen turare an jera cikin kwando. Tsohuwar ta zauna a gabansu, ta sa haƙori tana kwance ƙullin.