Rigar Auta a Kan Dandamali

Fil na bakin Uwar Kaya, tana kama wa mai fitowa a nas rigarta, ta leƙa ta tsagar labule ta hango surukarta Inna a layin gaba. Tsohuwar ta rungume jaka a cinya. Kusa da ita babban ɗanta ne, wanda kowa a gida ke kira Yaya, ya harɗe hannu kamar wanda ya zo sauraron shari'a. Saura ƙiris ta haɗiye fil ɗin.

"Wayyo, kin soke ni!" in ji nas.

"Yi haƙuri, hannuna ne ya kuɓuce."

Ita ke kula da tufafin 'yan wasa, shi ya sa suka laƙaba mata Uwar Kaya. Ƙungiyar ba ta sayen tufafi. Kowa ya kwaso abin da gidansa ya gaji da shi ya zuba a wani ƙaton buhu, kuma dokar ita ce duk abin da ya shiga buhu ya zama na kowa, ba tambaya. Nata shi ne ta kai gida ta wanke, ta dawo da su.

Wasan na yau a kan ƙanjamau ne: magidanci na kwance, dangi na cacar baki a kansa. A gida ta ce musu wasan barkwanci ne, ba abin da zai sa dattijai wahalar fitowa. Ashe maƙwabciyarsu, wadda bakinta ya fi rediyo saurin kai labari, ta yi ta zuga Inna har ta ce sai ta ga aikin surukarta, ta sa Yaya ya kawo ta a mota.

Bara mijinta ya rasu, autan Inna. Ranar da likita ya faɗi sunan cutar, Yaya ya ja ta gefe a barandar asibiti. "Ciwon hanta ne, kin ji ko? Duk ranar da Inna ta ji wani suna daban ta dalilinki, ranar zan ɗauke Ummi. Jininmu ce." Ummi ita ce 'yarta tilo, mai sunan kakarta, kuma Allah ya tsare ta, gwaji ya nuna ba ta ɗauka ba. Uwar Kaya kuwa ta ɗauka, sai ta juye ƙwayoyinta a wankakkiyar kwalbar man shafawa, tana sha a ɓoye, ta kulle bakinta.

Ta yi ta lallashin kanta. Wasa ai wasa ne, cutar ba a gidansu aka fara ta ba, wa zai ce da su ake? Sai aka ɗage labule, aka shigo da Dogo, mai fitowa a maras lafiya, ana tallafe da shi. Nan idonta ya sauka kan rigar jikinsa.

Rigar sanyi ce a jikinsa, koriya, hannun hagu ja daga gwiwa zuwa ƙasa. Babu irinta biyu a duniya. Inna ce ta saƙa wa autanta ita sa'ad da sanyi ya hana shi sakat, koren ulu ya ƙare mata ta cike da ja. Tun rasuwarsa rigar na ƙarƙashin matashin Uwar Kaya. Jiya ta wanke ta, ta shanya a igiya ɗaya da kayan wasa, hadari ya taso, ta kwashe komai a guje ta cusa a buhu. Dogo kuwa dama yana ƙorafin rigarsa ta wasa tana nuna shi kamar mai ƙoshin lafiya, sai ya zaro wannan ya sa.

Ta damƙi hannun darakta. "Don Allah a sauke labule."

"Kin haukace? Zaure cike?"

"Rigar mijina ce."

"To ai abin da ya shiga buhu..." Ya kalli fuskarta, ya haɗiye sauran. Amma labulen bai sauka ba.

A kan dandamali mai fitowa a babban wa ya buga tebur. "Ba wanda zai ambaci sunan cutar nan a gidan nan! Zazzaɓi ne!" 'Yan kallo suka yi tsaki, wata mata daga baya ta ce, "Allah wadaranka!" Yaya na gaske bai motsa ba. Idonsa kawai ya bar rigar ya dawo kan tsagar labule, kamar ya san tana wurin. Inna kuma ko ƙiftawa ba ta yi, kuma shirun nan nata ya fi komai tsorata Uwar Kaya.

Ummi na makaranta. Masu gadin makarantar sun san Yaya, in ya ce ya zo ɗaukarta ba mai hana shi. Yana da mota, ita sai ta jira bas. Ta dubi ƙofar baya, ta ce a ranta bari ta ruga ta riga shi. Ta kai yarinyar ina? Ba ta sani ba. Tana nan tsaye har Dogo ya yi tarinsa na ƙarshe aka lulluɓe shi, zaure ya ɗauki tafi.

Dogo na goge farar hoda daga fuskarsa aka ji ƙwas ƙwas ɗin sanda. Inna ce ta shigo bayan labule, Yaya na biye da ita. Uwar Kaya ta durƙusa don gaisuwa.

"Inna, zo mu tafi," in ji Yaya, yana watsa wa matar ƙaninsa wani kallo. "Kama ce kawai. Kasuwa cike take da irinta."

"Kasuwar gidanku?" Inna ta kama jan hannun rigar ta murza. "Nan ulu ya ƙare mini." Ta ɗago ta dubi Dogo. "Ɗan nan, ka iya wasa, amma tarin naka na mai mura ne. Nasa ba ya ƙara. Can ciki yake tsayawa."

"Inna, ai shi ciwon hanta..."

"Rufe mini baki. Ranar da na sa masa rigar nan ya gaya mini da bakinsa, ƙanjamau ne. Ya roƙe ni kada ka sani, wai ba za ka iya ɗauka ba, a kan matarsa za ka huce. Shekara guda ina ɓoye maka, ashe kai ma ɓoye mini kake."



"Inna, Ummi..." Abin da Uwar Kaya ta iya faɗa ke nan, hawaye suka ƙwace mata.

Tsohuwar ta dube ta, ta juya ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa har ya sunkuyar da kai. "Takwarata tana wurin uwarta," ta ce. "Ke kuma, kwalbar man nan taki, daina ajiye ta a taga. Rana na ɓata magani."

Dogo ya fara cire rigar. Inna ta dafa shi.

"Gobe ma kuna yi?"

"Muna yi, Inna."

"To bar ta. Amma ka naɗe hannun hagun. Shi ba ya son jan nan, kullum sai ya naɗe."

Ta jingine sandarta, ta naɗe masa da kanta a hankali har gwiwar hannu. Ta gama, ba ta saki ba.