Wadda Nomin Take Kira

Raushan tana tsugune a falo tana ɗaura wa Nomin zare mai baƙi da fari a ƙafafu, yarinyar kuwa tana ta ƙoƙarin cusa mata fanke a kunne. Bikin yanke dabaibayi dai na yaron da ya fara tatata ne. Nomin shekararta biyu da rabi, gudu take kamar ɗan akuya, jiya ma sai a bakin titi aka kamo ta ba wando. Amma surukar Raushan, tsohuwa Kulyash, ta ce tunda mutanen Mongoliya ba su yanke mata ba, duk tafiyar da take yi ta sata ce.

Sati uku ke nan da Raushan da mijinta Yerlan suka ɗauko ta daga gidan marayu a Ulanbatar, babban birnin Mongoliya, zuwa garin Karaganda a tasu ƙasar, bayan shekara goma sha ɗaya ba haihuwa. Ta ƙi gado sai ƙasa. Ta ƙi shayi sai an barbaɗa gishiri. Nama kuwa a takalmin Yerlan take ɓoyewa. A bakinta kalma ɗaya ce tal: "Eej."

Kulyash ta ce ai a fili yake, "aje" take cewa, wato kaka a yarensu. Ta buga waya ta sanar da dangi har na Astana cewa yarinya ta san jininta, duk da ba jinin. Daga nan ta tuno da al'adar da ta ce jikan fari na kaka ne. Ta haɗa jakar Nomin ta jingine a bakin ƙofa: ana gama biki, sai motar ƙauye.

"Amarya, kar ki damu," ta ce. Har yau haka take kiran Raushan. "Kya riƙa zuwa ganin ta. Ai ba ta ma san da zamanki ba."

Yerlan, wanda ya yi rigima da ma'aikatan ƙasa biyu a kan takardun yarinyar nan, ya tuna yana da sigarin da zai sha a waje.

Raushan ta ce to. Ita ba ta iya wata amsa ba.

Wadda za ta yanke zaren Inna Saule ce, mai naman doki a kasuwa. An zaɓe ta ne don ba wanda ya taɓa ganin ta a zaune, ana so yarinya ta gaji ƙafarta. Ta shigo tana haki, ta zaro wuƙar shagonta ta ce almakashi na ragwaye ne, ta datse zaren. Mata suka watsa alewa. Kulyash ta je ƙarshen farin ƙyallen da aka shimfiɗa don yarinyar ta taka, ta ware hannuwa kamar mai tarar kaji.

Nomin ta taka ƙyallen, ta tsinci alewa biyu, ta wuce ta ƙarƙashin hammatar tsohuwar. A bakin kicin ta tsaya, inda Raushan ta laɓe da butar shayi, ta damƙi siket ɗinta.

"Eej."

"Ta ɓata hanya ne," in ji Kulyash. "Miƙo min ita."

Inna Saule ta goge wuƙarta a cinya, ta tambayi me aka ce yarinyar tana cewa. Da aka faɗa mata, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita a Mongoliya aka haife ta, sai da ta yi jika ta dawo nan ƙasar kakanninta.

"Haba Kulyash, da tsufanki. Wace aje? Can haka ake kiran uwa."

Nomin ta ci gaba da tauna alewarta. Kulyash ta gyara kallabi ta ce to ai ita ma uwa ce, shida ta haifa, kuma shayin nan ya huce.

Raushan ba ta ji ta ba. Sati ukun nan take tunowa. Kullum a nan bakin kicin yarinyar take tsayawa ta faɗi kalmar, kullum ita kuma sai ta goge hannu, ta ɗauke ta, ta kai wa tsohuwa.

Ta ajiye butar a ƙasa. Ta saɓa Nomin a kafaɗa, ta ratsa ta cikin baƙi, ta ɗauki jakar nan ta mayar ɗaki.

"Amarya, shayin fa?"

"Yerlan zai zuba, Mama," ta ce, ta turo ƙofa da ƙafa.