Gefen Dama na Kansatinar Nuala

Tun shigowar sanyi Nuala ke cewa gefen dama na kansatinarta, ɗan akwatin kiɗan nan mai zugazugi a tsakiya da maɓallai a gefe biyu, ya mutu.

"Mama, saurara. Kin ji? Iska ce zalla."

Sai ta danna maɓallin da ke can ƙarshe da ƙaramin yatsanta, ta ja zugazugin. Ni ina jin wani abu, siririn kuka kamar na butar shayi da ta fara tafasa, amma da ƙyar. Kayan 'yan koyo ne, na roba, mun saya mata tana shekara shida, yanzu tana tara. Zugazugin ya yi tauri, yana yoyon iska ta kusurwa. Don haka ina da hujjar cewa laifin akwatin ne, kuma na riƙe hujjar nan da hannu biyu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne tsorona. Nuala ta yi sanƙarau tana shekara biyu. Ranar da aka sallame mu daga asibiti a Limerick, likita ta ce mini kunnuwanta sun tsira, amma wani lokaci ciwon yakan dawo ya karɓi jin yaro daga baya, a hankali, kuma sirarun sautuka ne ke fara tafiya. Gwajin kunne na bara ya fito lafiya. Sai ga shi bana 'yata tana cewa gefen dama ya mutu, gefen da sirarun sautuka suke.

Malamarsu, Malama Considine, ta tare ni a ƙofar ɗakin taro na coci inda suke koyo ranar Asabar.

"Dervla, yarinyar nan ta fi ƙarfin abin da ke hannunta. Yatsunta na gudu, akwatin na rarrafe. Ki kai ta wurin Malachy Frawley a Tulla. Ki tabbata jeren maɓallan irin wanda ta saba ne, kuma kada ya yi mata nauyi. Ina so ta shiga ƙungiyar da za mu kai gasa da bazara."

Mijina Fintan ya ce, "Kin ji ko? Akwatin ne. Ke dai ba ki rabo da neman abin damuwa." Shanu na haihuwa, bai samu zuwa ba. Mu biyu muka kama hanya daga garinmu Kilkee cikin yayyafi.

Malachy tsoho ne mai gashin gira kamar tsintsiya, yana gyaran kansatina a wata rumfa bayan gidansa. Wurin na warin fata da danƙo. Wani tsohon kare na kwance kusa da murhu. Ya karɓi akwatin Nuala, ya matsa shi sau ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Wane marar tsoron Allah ne ya sayar muku da wannan? 'Yar nan, ki bar mini shi in riƙa hura wuta."

"Ni dai na ci kyauta da shi a gasar Kilrush," in ji Nuala.

"To alƙalan kurame ne."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ya zuba mini shayi mai kauri, ya miƙo burodi da man shanu, sannan ya fara sauko da kaya daga kanta. Na tambaye shi duk abin da ya kamata uwa ta tambaya. Na sa ya riƙe kowanne ta gefe ɗaya ya bar shi ya sauko da kansa, in ga ko zugazugin na riƙe iska. Na ɗaga su na ji nauyi. Na duba ko maɗaurin fata zai matse ya dace da ɗan hannunta. Ya yi mini bayanin harsunan ƙarfen da ke ciki, waɗanda iska ke kaɗawa su yi kuka, ya ce na masu araha sai ka roƙe su, na kirki kuwa numfashi kaɗan ya ishe su.

Ta fara da wata sabuwa mai gefen katako ja. Ta ɗora ta a gwiwar hagu, ta soma kiɗan rawa da take so. Ban taɓa jin 'yata ta yi kiɗa haka ba. Yatsunta kamar ba sa taɓa maɓallan. Malachy ya daina tauna burodinsa. Na ji ƙirjina ya buɗe, na ce a raina, ashe Fintan ya yi gaskiya.

Sai kiɗan ya hau sama, zuwa kashi na biyu inda hannun dama ke ɗaukar aiki. Ta ɗan karkata kai. Ta tsaya.

"Wannan ma haka take."

"Haka take yaya?" in ji Malachy.

"Daga nan zuwa nan babu komai." Ta nuna maɓallan ƙarshe.

Ya dube ta, ya dube ni. Ya buɗe wani akwatin fata mai kusurwa shida ya fito da wata mai gefen ƙarfe, yana sheƙi.

"Gwada wannan. Wannan in kika kaɗa ta a nan, limamin cocin garin Feakle can zai fito ya tambayi wa ya mutu."

Ta sa hannuwa, ta danna maɓallin ƙarshe na dama, ta ja. Sautin ya huda mini haƙora. Karen ya miƙe daga bakin murhu, ya sunkuyar da kunnuwa, ya fice cikin ruwan sama. Nuala ta ci gaba da ja har zugazugin ya ƙare, tana kallon tsohon.

"Baba, wai duk kayanka ta dama suke mutuwa?"

Na ajiye kofin shayin.

"Haka nake, 'yar nan, ɗan damfara ne ni," in ji shi. "Je ki dawo mini da karen can kafin ya jiƙe. Sunansa Bishop. In ya ƙi, ki ce masa akwai tsiran alade."

Da ta fita ya ja ƙofar.

"Tun yaushe?"

Na gaya masa zancen sanƙarau. Na gaya masa ban tabbata ba sai yanzu. Bai ba ni haƙuri ba, kuma na gode masa da hakan.

"Ni ba likita ba ne," ya ce. "Ki kai ta a duba, kada ki tsaya."

"Zan kai ta. Amma yau fa? Ta zo ne ta tafi da wadda ba ta mutu ba."

Ya daɗe yana shafa haɓa. Sannan ya taka kujera ya sauko da wata tsohuwa daga can saman kanta, baƙa, fatarta ta koɗe. Ya ce daga Ingila ta fito, ta 'yan kiɗan wani coci ce a da. An yi ta da murya mai kauri, kowane maɓalli yana kuka ƙasa da na sauran.

"Wataƙila ta ji wannan har ƙarshe. Amma ki saurare ni da kyau, uwar yarinya. In ta danna inda ta saba dannawa, kiɗan zai fito daidai, sai dai a wata murya daban. Ita kaɗai, daɗi. In ta zauna cikin 'yan ajinsu, za ta zama kamar jaki cikin mawaƙan coci. Ba za su haɗu ba ko kaɗan."

"Babu mai kaurin murya da za ta haɗu da nasu?"

"Akwai irinta, amma ta fi ƙarfin hannun yarinya, kuma ba ni da ita. In kin ba maƙeri aiki yau, kafin layi ya zo kanki ta isa aure."

Nuala ta shigo tana jan karen ta wuya, gashinta ya jiƙe. Ya miƙa mata baƙar. Ta yatsina fuska.

"Wannan ai ta girmi kakata."

"Ta girme ni ma, kuma ta fi ni haƙora. Kaɗa."

Ta kaɗa. Muryar mai ɗumi ce, tana cika ɗaki kamar warin gurasa. Ta zo kashi na biyu, ta hau, ta hau, ba ta tsaya ba. Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Da ta gama sai ta rungume abin a ƙirji.

"Mama, wannan tana da rai duka biyun. Har a gwiwata nake jin ta."

Na buɗe baki in gaya mata. Na ga fuskarta, na rufe. Malachy ya ce mu tafi da ita mu gwada, in ba ta yi ba mu dawo da ita, ba gaggawa.

A mota na ce, "Nuala, wannan ta gida ce fa. Ranar Asabar taki ta roba za ki ɗauka." Tana zaune a baya, ta jingina kunnen hagu da kujera tana kallon taga. Ba ta amsa ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta juyo ta ce, "Magana kike?" Nan na gane kunnenta na dama ne ya fi tafiya.

Da muka isa gida na kira asibiti, suka sa mu a layi. Na gaya wa Fintan a garke. Ya tsaya riƙe da bokiti, ya ce, "Ba za su sa mata na'urar ƙara ji ba?" Na ce wataƙila, likitar ta taɓa cewa wani yaron na'urar na taimakonsa, wani kuma jin tafiya yake ta yi har ya ƙare. Ya koma wajen saniyar da ke naƙuda ya juya mini baya, ya daɗe bai juyo ba.

Na yi mata bayanin muryoyin da ba sa haɗuwa, ban taɓo zancen kunne ba. Ta ce ta gane. Amma ranar Asabar, bayan na sauke ta na je sayen madara na dawo, tun daga bakin titi na ji abin da ke faruwa a ɗakin taron. Ta ɓoye baƙar a jakar tata ta roba.

Na leƙa ta gilashin ƙofa. Yara sun yi da'ira, kowa da kansatinarsa a gwiwa, suna kiɗan gasar. Muryar Nuala na gurzar tasu daga ƙasa, sauti biyu suna cizon juna. Wata yarinya ta toshe kunne da kafaɗa. Wasu biyu suna ƙunshe dariya. Nuala kuwa ta rufe ido, ƙafarta na buga ƙasa daidai, tana murmushin da rabona da shi tun kafin sanyi. Kanta take ji. Su ne ba ta ji.

Malama Considine ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Nuala ta ci gaba ita kaɗai har ƙarshen kashin, sannan ta buɗe ido ta ga duk ita ake kallo.

"Me?" ta ce. "Na yi kuskure ne?"

Malamar ta hango ni ta gilashi. Na tura ƙofar na shiga da jakar madara a hannu. Na zagaya bayan kujeru zuwa gefenta na hagu, na durƙusa, na kai bakina kusa da kunnen da ya rage mata.

"Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba," na ce. "Ɗauko jakarki. Akwai maganar da zan gaya miki a mota."