Bayan Gil-man

"Wannan ma ƙeya ce, Inna," in ji mai shagon hoto, ya ture jaridar gefe.

Eom Sun-rye ta sake zazzage kwalin tsofaffin jaridun da ta kawo a kan teburinsa. Jiya aka sauko da gawar maƙwabcinta Pyo Gil-man daga ɗakinsa na saman bene, ba mata, ba ɗa. Ita ta tsaya masa, ta kama ɗan ƙaramin ɗakin makoki a asibiti. Furanni sun iso, miya na kan wuta, amma wurin hoton mamaci wayam. A al'adarsu gaban hoton mamaci ake durƙusawa. Wa masu gaisuwa za su durƙusa wa, bango?

"Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin nan, ka ce mini babu fuskarsa?"

"Inna, mai kyamara ai mai cin ƙwallo yake bi. Na katin shaidarsa fa?"

"Bayan shanyewar jiki aka ɗauka, baki a karkace. Ya ce in na bari aka gani, bai yafe ba. Duba mana, ɗan nan, idonka ya fi nawa!"

Suka bi jaridun ɗai-ɗai. Nan ya zube ƙasa ya miƙe ƙafa, can ƙwallo ta rufe masa fuska. Ita kanta, in ta rufe ido, bayansa take gani, yana hawa matakala da buhun kabejinta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Wanke mini wannan," ta ce.

"Ƙeyar? Za a yi da ke fa."

"A yi."

Aka kuwa yi da ita. Matan unguwa suka shigo ɗakin makokin suna zunɗe, kunya kamar ta nutse. Tana shirin sauke hoton sai ga wani tsoho da sanda, yatsunsa duk a lanƙwashe. Ya ce sunansa Bang Chun-bae, shi ne golan ƙungiyar a zamaninsu. Ya daɗe tsaye yana kallon faffaɗar kafaɗar da lamba huɗu da ke bayan rigar.

"Ka yi haƙuri, Malam, ban samu na fuska ba."

"Fuskar me? Ni haka na san shi. In ina ganin bayan nan, hankalina a kwance yake."

Ya jingine sandar, ya durƙusa da ƙyar har goshinsa ya taɓa ƙasa. Hayaƙin turare na bin lambar yana hawa.