Masaƙar Baba a Bakin Kogi

Mahaifina, Thaddeus Pruitt, bai taɓa gama cin abinci a zaune ba. Yana da kanti a Milledgeville, yana sayar da gishiri, ƙusa da yadin da ake kawowa daga Arewa, kuma yadin nan shi ke ci masa rai.

"Audugarmu ce fa, Adeline," yakan ce wa Mama. "Su saya da arha, su saƙa, su dawo mana da ita da tsada, mu kuma muna washe baki!"

"To zauna ka sha miyarka kafin ita ma su saye," in ji Mama.

Bai zauna ba. Ya sayar da kantin, ya gina masaƙa a bakin kogi. Da injuna suka iso, aka rasa mai haɗa su sai Cato, maƙeri, bawan da Baba ya gada. Shekara goma sha shida Cato yana riƙe da su.

Sai yaƙi ya zo. Sojojin Arewa suka ƙone masaƙar saboda tana saƙa wa sojojinmu na Kudu kayan sawa. Tun toka ba ta huce ba Baba yake zagaye wurin, yana awo da ƙafa. Da aka 'yanta bayi, ya sa na tuƙa shi a keken doki zuwa bukkar Cato. Muka tarar yana ɗaure kaya.

"Za mu sake ginawa," in ji Baba tun bai sauka ba. "Wannan karon da albashi."

"Alabama zan tafi, maigida."

"Me ka ajiye a Alabama?"

"Matata Dinah. Wadda ka sayar shekarar da injuna suka zo."

Can Baba ya ce, "Ka ma san inda take?"

"Ban sani ba. Zan tambaya." Ya saɓa kayansa ya kama hanya.

Baba ya sake ginin, ya ɗauko wani bakanike daga Arewa, amma kullum zare tsinkewa yake. Ya riƙa aika wasiƙu Alabama, gari bayan gari, yana cigiyar maƙeri mai suna Cato. Na tambaye shi ko don injuna ne. Ya daka mini tsawa, ya fita ba hula.

Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Bayan rasuwarsa muka sayar da masaƙar.